Jiri da amai a kan lilon wuraren wasa: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar fita ta babban lilo ranar yawon Sallah ya san abin da ake gani. Yaro ya sauko cikin sabuwar shadda, fuska ta yi fayau kamar an shafa toka, goshi ya jiƙe da zufa, yana tafiya yana dafa ƙarfe. Kafin a kai shi inuwa ya mayar da duk abin da ya ci tun safe. Sai ka ji babba yana cewa ai tsoro ne, ko cikinsa ne ba shi da ƙarfi. Ba tsoro ba ne, kuma ba daga ciki matsalar ta taso ba. Ko a Magicland na Abuja ne, ko a manyan wuraren wasan Dubai da Abu Dabi, kuskuren iri ɗaya ne, kuma mafi yawansa ana iya kauce masa.

Daga kunne abin yake farawa. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar baka, cike da ruwa, kowanne yana auna juyawar kai ta fuska guda: ɗaga kai da sunkuyarwa, waiwaye hagu da dama, da karkatarwa zuwa kafaɗa. Kusa da su akwai wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, su ne ke jin hawa da sauka da fizgar gaba. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙon kunne da na ido da na gaɓoɓi. Idan suka yi daidai, lafiya lau. Idan suka saɓa, sai tashin zuciya. Wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san wannan a jikinsa: ka tsaya cak amma duniya tana ci gaba da juyawa, don ruwan kunnen bai tsaya tare da kai ba.

Kuskure mafi girma shi ne motsa kai alhali lilo yana wulwulawa. A kansa zan daɗe, domin shi ne yake kayar da mutum mai lafiya cikin 'yan daƙiƙu. Idan lilo yana juya ka da gudu ɗaya, bayan kamar rabin minti ruwan bututun da ke auna wannan juyin yana daidaita da tafiyar, sai ya daina kai ƙara. A wannan hali idan ka sunkuyar da kai, ko ka karkata shi, ka fitar da bututu ɗaya daga layin juyawar ka shigar da wani. Nan take ƙwaƙwalwa ta sami labarin cewa kana tuntsurawa ta wata fuska dabam, wadda ido bai gani ba, jiki ma bai ji ba. Sau biyu ko uku ka yi haka, miyau ya taru a bakinka. Abin yana da ƙarfin da masu bincike, idan suna son tayar wa mutum zuciya da gangan, kujera mai juyawa suke ɗora shi su ce ya riƙa sunkuyar da kai.

To me ake yi a kan lilon? Ana riƙe waya ana ɗaukar kai hoto. Ana waiwaya don a ga ko ƙawa tana ihu. Ana leƙa ƙasa ana neman takalmin da ya faɗi. Mafi ban haushi, uba ko yaya yana tsaye a bayan shinge da waya a hannu yana ƙwala kira: "Abba, kalli nan! Kallo nan mana!" Duk zagayen da lilon ya yi, yaron sai ya murɗa wuya ya nemo shi. Kai da kanka kake sa shi amai, sannan ka dawo kana yi masa faɗa ya ɓata kaya. Ku daina kiran yara suna kan lilo. Hoton da aka ɗauka ba ya kallo ma ya isa.

Gyaran ba shi da wuya. Jingina ƙeya da makarin kujera, haɓa a miƙe, kafaɗu a manne. Idan dole ka dubi wani abu, ido ya tafi, kai ya tsaya. Waya ta shiga aljihu mai zif. A kofunan shayi masu juyawa, faifan da ke tsakiya shi ne ke ƙara gudun kofin, ba dole ba ne a murɗa shi, kuma wanda ya san zuciyarsa na tashi kada ya shiga kofi ɗaya da samari masu gasar murɗawa. Lilon Mission: Space da ke wurin wasa na Epcot a Amurka, wanda aka buɗe a 2003, misali ne mai kyau. Na'ura ce mai wulwula mutane har su ji nauyinsu ya ninka sau biyu da rabi, kuma umarnin da ake ba mahaya shi ne su jingina kai su kalli gaba. Duk da haka sai da aka ajiye jakar amai a cikinsa, a 2006 kuma aka buɗe wani ɓangare da ba ya wulwulawa sam saboda waɗanda ba sa jurewa.

Batun ido ana yawan cakuɗa shi, don ba doka ɗaya ba ce ga kowane lilo. A lilon jirgin da ke gudu kan dogo yana hawa yana gangarawa, buɗe ido ka kalli dogon da ke gabanka. Idan ido ya hango kwana kafin a kai, ƙwaƙwalwa ta shirya mata, saɓanin ya ragu. Runtse ido a nan cutar kai ne. Amma a ɗakin majigi mai kujeru masu motsi, inda ake sa tabarau a nuna maka kana faɗowa daga sama alhali kujerar 'yar girgiza kawai take yi, ido ne ke yin ƙarya. A nan rufe idon shi ne magani, ko ka cire tabarau ka kalli bayan kujerar gabanka har wurin ya wuce.

Kuskure na biyu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake shan magani. Mutum zai bari sai ya sauko yana layi sannan ya jefa ƙwaya a baki. Ya makara. Da zarar tashin zuciya ya fara, tumbi yana rage tura abin da ke cikinsa zuwa hanji, ƙwayar sai ta zauna a wurin, sau da yawa ma ta dawo tare da aman. Waɗannan magunguna na riga-kafi ne, kowanne da lokacinsa. Dimenhydrinate, wanda aka fi sani da Dramamine, babba yana shan miligiram 50 zuwa 100, minti 30 zuwa awa 1 kafin hawa, kada ya wuce 400 a yini da kwana. Meclizine miligiram 25 zuwa 50, awa 1 kafin. Cinnarizine, wato Stugeron, idan ƙwayar mai miligiram 15 ce babba yana shan biyu awa 2 kafin. Akwai mai 25 wadda ɗaya ta isa, akwai kuma mai 75 wadda ba don wannan aka yi ta ba, saboda haka a karanta kwali. Promethazine, da ake sayarwa da sunan Avomine ko Phenergan, miligiram 25 ne, awa 1 zuwa 2 kafin ko tun daren jiya, kuma ya fi sauran saukar da barci. Filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne tana son awa 5 zuwa 6 kafin ta kama, tana aiki kwana uku, ba a yanka ta biyu, kuma a wanke hannu bayan an manna, don in ta taɓa ido gani zai dushe. Ni a ganina, don wuni ɗaya a wurin wasa filastar ta yi yawa. Ƙwaya ɗaya da aka sha tun a gida kafin a shiga mota ta wadatar.

Sai shan maganin da ba shi ba ne. Wani ya ji an ce hyoscine, sai ya je kemis ya sayo Buscopan, wanda ake sha don murɗar ciki da ciwon mara. Suna ne ya yi kama. Na Buscopan a hanji yake aiki, ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda zai hana jiri. Wanda ake nufi shi ne hyoscine hydrobromide. Haka loratadine da cetirizine na atishawa da ƙaiƙayi: an ƙera su ne don kada su shiga ƙwaƙwalwa su sa barci, shi ya sa ba sa tsinana komai a nan. Metoclopramide, duk da maganin amai ne, wannan irin aman ba nasa ba ne.

Wajen yara kuwa sai an yi hattara sosai. Kada a ɓalla ƙwayar babba a ba yaro da ka. Promethazine ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara biyu ko kaɗan, yana iya danne numfashi har ya kashe. Filastar hyoscine ba ta 'yan ƙasa da shekara goma ba ce. A faɗa wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna shekarun yaron da nauyinsa, shi zai faɗi abin da ya dace. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, da mai juna biyu, su ma kada su sha sai sun tambaya. Kada kuma a haɗa biyu daga cikin waɗannan a lokaci guda wai don ya fi ƙarfi.

Wani kuskuren shi ne rashin sanin alamun farko. Amai shi ne na ƙarshe. Kafinsa akwai hamma a jere, gyatsa, miyau mai yawa, zufa mai sanyi, jin zafi a fuska, da nauyin kai. Yaron da ya wuni yana surutu sai ya yi tsit yana haɗiyar miyau, wannan ya gama wasa na yanzu, ko da bakinsa yana cewa a sake. Abin taruwa yake yi: lilo na farko ya bar saura, na biyu ya ɗora a kai, na uku ya zubar. Shi ya sa "an riga an biya kuɗin tikiti" ba hujja ba ce. A zauna a inuwa, a kalli wani abu mai nisa wanda ba ya motsi, a ja numfashi a hankali ta hanci a fitar ta baki, a kurɓi ruwan sanyi kaɗan-kaɗan. Ƙa'idata ita ce rabin awa tsakanin manyan lilo biyu, kuma in alamun ba su tafi ba, an tashi na ranar. Yara daga shekara biyu zuwa sha biyu su ne abin ya fi kamawa, sai mata, sai masu ciwon ɓarin kai. Wanda yake cikin waɗannan bai yi ragwanta ba, kuma tsokanarsa da "kai ba namiji ba ne" har ya hau dole zalunci ne.

Ana kuma auna lilo da tsayinsa, alhali ba tsayi ke sa amai ba. Jirgin dogo mai gangara ɗaya ta ban tsoro sau da yawa ya fi sauƙi a kan ɗan lilon da ke wulwulawa a ƙasa. Lilon kwalekwale, mai kai da komo, yana cikin mafiya sharri, domin motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne hawa da sauka a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa biyar ko shida, irin na jirgin ruwa a teku, kuma tafiyarsa kusa da haka take. In za ka hau shi, zauna a layin tsakiya. A jirgin dogo ma tsakiya ya fi natsuwa, gaba ya fi ba da gani, baya ya fi fizga.

Sauran ƙanana ne. Kada a cika ciki da soyayyen naman layya da lemon kwalba a nufi lilo. Kada kuma a hau da yunwa. Abu mara maiƙo, kamar burodi ko biskit, awa ɗaya ko biyu kafin, ya isa. Tsayuwa a layi cikin rana ba ruwa tana sa gani ya yi duhu a kwana mai ƙarfi, don jini yana gangarawa ƙafa. A sha ruwa tun a layi, a kuma ɗaure tsokar cinyoyi da ta ciki lokacin kwanar. Rashin barcin daren jiya yana ƙara abin. Turare mai ƙarfi ma haka. A fara da ƙaramin lilo, a bar babba sai jiki ya saba. Citta tana taimakon wasu, ba ta taimakon wasu, amma alawarta a aljihu ba ta cutarwa. Mayafi da hijabi a soke su da kyau, kada a hau ana kokawa da su, wannan ma motsa kai ne.

Allon gargaɗin da ke bakin ƙofa kuwa a karanta shi. Lilon Formula Rossa na wurin wasan Ferrari World a Abu Dabi yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin kusan daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba mahaya. Irin wannan ba na mai hawan jini ba ne, ko mai ciwon zuciya, ko mai ciwon wuya da baya, ko mai ciki, kuma babu ƙwayar jiri da za ta canza haka. Jirin lilo yana lafawa cikin mintuna zuwa 'yan awanni. Idan aka sauko da ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a taɓa ji ba, ko ciwon ƙirji, ko gani biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ɗaya ya mutu, ko aka suma, wannan ba jirin lilo ba ne, asibiti za a nufa nan take. Wanda ya sha ƙwaya daga cikin waɗanda aka lissafa kuma, ya miƙa makullin mota ga wani a hanyar komawa gida, ko da yana jin idonsa biyu.