Yadda ake bin sawun ƙarancin kalsiyam har zuwa ƙwayar gado ta PTH

A bayan ƙullin da ake kira tayirod, can cikin wuya, akwai ƙananan ƙullutai guda huɗu da ake kira paratayirod, kowanne tsawonsa kimanin milimita 6, kuma su ne ke sarrafa homon ɗin PTH, wato sinadarin saƙo da ke daidaita kalsiyam da fosfet a cikin jini. Umarnin sarrafa shi yana rubuce ne a ƙwayar gado mai suna PTH, a gajeren hannun kuromosom na 11. Da farko jiki yakan haɗa sarƙa mai amino asid (tubalan ginin furotin) 115, sannan ya datse ta sau biyu har a bar 84, waɗanda su ne homon ɗin da ke shiga jini. Idan kalsiyam ya ragu, homon ɗin yakan zaro shi daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi, ya sa ta watsar da fosfet a fitsari, ya kuma sa ta kunna bitamin D domin hanji ya ƙara tsotsar kalsiyam daga abinci. Duk wanda ya riƙe waɗannan ayyuka a ransa, takardar sakamakon gwaji ba za ta rikita shi ba.

Abu na farko shi ne a tabbatar da cewa kalsiyam ɗin ya yi ƙasa da gaske. A jikin babban mutum ana sa ran samun miligiram 8.5 zuwa 10.5 a kowace desilita, amma kusan kashi 40 cikin 100 nasa yana manne ne da albumin, wani furotin da ke cikin jini, don haka idan albumin ya ragu sai adadin ya faɗi ba tare da wata cuta ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ƙara miligiram 0.8 a kan kowane giram ɗaya da albumin ya gaza giram 4 a kowace desilita, ko kuma a auna sakakken kalsiyam, wato wanda bai manne da komai ba, kai tsaye. A kula da kwalbar ɗibar jini ma: mai ɗauke da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, takan kama kalsiyam, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa idan ya gurɓata jinin gwaji ya isa ya haifar da sakamako mai firgitarwa a jikin mai ƙoshin lafiya.

Jikin majiyyaci ma yana ba da tasa shaida. Leɓuna da yatsu sukan sage, jijiyoyi su riƙa ɗaurewa, jariri kuma yana iya yin jijjiga. Likita yakan ɗaura abin awon hawan jini a damtse, ya hura shi ya zarce bugun jini na sama, ya jira har minti 3; idan wuyan hannu ya lanƙwashe, babban yatsa ya shige cikin tafi, sauran yatsun suka miƙe suka haɗe, to wannan ita ce alamar Trousseau. Gwaji ne mai zafi da ba a yin sa a gida, kuma jijjiga ko shaƙewar numfashi na buƙatar asibiti nan take.

Daga nan sai a auna PTH, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin ba a karanta shi shi kaɗai. Dole ne a ɗebi jininsa lokaci guda da na kalsiyam, tunda homon ɗin ba ya wuce 'yan mintoci a jini kafin rabinsa ya gushe. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar pikogiram 15 zuwa 65 a kowace mililita a matsayin daidai, sai dai adadin 30 a gaban kalsiyam da ya faɗi ba daidai ba ne, alama ce cewa ƙullutan sun yi shiru a lokacin da ya kamata su tashi haiƙan. Ƙarancin kalsiyam da yawan fosfet tare da PTH mai rauni na nuna gazawar ƙullutan. Idan kuwa PTH ya hau, kalsiyam da fosfet duka suka sauka, to bitamin D ake tuhuma. Idan PTH da fosfet duka suka hau alhali ƙoda lafiya lau take, jiki ne ya ƙi jin homon ɗin, yanayin da Fuller Albright ya bayyana a 1942, kuma ana danganta shi da ƙwayar gado ta GNAS a kuromosom na 20.

Kafin a ambaci gado, a kawar da abubuwa biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu gazawar paratayirod sun same ta ne bayan tiyatar wuya, don haka tabo a maƙogwaro ya fi kowane gwajin gado saurin ba da amsa. Ƙarancin magnisiyam mai tsanani kuma yakan hana ƙullutan sakin homon, kuma da zarar an gyara shi sai su dawo aiki.

Ana neman gwajin gado ne idan ciwon ya fara tun jarirantaka ko ƙuruciya, ko ya bayyana ga fiye da mutum ɗaya a dangi, ko iyaye 'yan'uwan juna ne. A ganina ɓata kuɗi ne a nemi gwajin ƙwayar gado ta PTH ita kaɗai, domin sauyi a cikinta ba kasafai ake samunsa ba. Gwamma a duba ta tare da wasu ƙwayoyin gado biyu, CASR ta kuromosom na 3 mai sa jiki gane yawan kalsiyam da GCM2 ta na 6 mai kula da ginin ƙullutan, a kuma bincika ko an rasa wani yanki na kuromosom na 22 da ake kira 22q11.2, musamman ga jaririn da ke da matsalar zuciya ko tsagar ganɗa. Sakamakon yana sauya magani: mai sauyin CASR da ke sa jiki ya ɗauka kalsiyam ya wadata yakan zubar da shi da yawa a fitsari, don haka ɗura masa kalsiyam da bitamin D har jini ya cika yana iya tara masa tsakuwa a ƙoda. Irin wannan majiyyaci ana riƙe kalsiyam ɗinsa ne a ƙasan iyakar daidai, ana kuma auna na fitsarinsa na awa 24 lokaci zuwa lokaci.