Yadda ake shimfiɗa ciyawa da tsiran ado a ƙaramin akwatin kifi

Tun da na nuna akwatina mai lita 30 ake ta tambayata yadda na haɗa shi. Ga matakan:

1. Ku zuba ƙasar shuka ta akwatin kifi: santimita 3 a gaba, 6 a baya.
2. Ku ajiye dutse a gefe guda, ba tsakiya ba.
3. Ku yayyafa ruwa har ƙasar ta jiƙe.
4. Ku rarraba ciyawar Monte Carlo, mai ƙananan ganye da ke shimfiɗuwa a ƙasa, ƙananan dunƙule.
5. Ku dasa su da matsefata, tazarar santimita 2.

Hattara: a nan aka fi yin kuskure. In kun dasa dunƙule babba, ko ba ku nutsa shi sosai ba, ruwa na shiga zai taso sama. Sau biyu hakan ta same ni, na wayi gari ciyawa na yawo a saman ruwa.

6. Ku ɗaure Anubias, tsiron ruwa mai faɗin ganye, a jikin dutsen da zare.

Kada ku binne kaurin karan da saiwoyi ke fitowa daga jikinsa, ruɓewa zai yi.

7. Ku dasa jan Rotala, tsiron ruwa mai dogon kara, a bayan dutsen. A can inuwar tsiron ba za ta rufe ciyawar ba. Ni kala ɗaya ja ya ishe ni.
8. Ku shimfiɗa leda a kan shukar, ku tsiyaya ruwa a kanta sannu a hankali.
9. Ku kunna fitila awa 6 kullum. In ta wuce haka da farko, gansakuka za ta mamaye.
10. Ku canza rabin ruwan duk kwana 2 a makon farko.
11. Ku dakata mako 4 kafin sa kifi.
12. Ciyawa ta yi kauri, ku aske ta da almakashi.