Yadda za ka koyi Pater Noster da Latin

Ni a Sabon Garin Zariya na koya, wajen wani tsohon katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, bayan sujadar Mas ta safe. Ka fara da addu'ar da ka riga ka haddace da Hausa, wato "Ubanmu", ita ce Pater Noster da Latin, don ka san abin da bakinka ke faɗa.

Bahaushe ya yi sa'a, wasulan Latin biyar ɗin nan irin namu ne. "Caelis" ka ce "celis", da c ɗinmu na "ciki". "Qui" kuwa "kwi" ne, "ae" kuma "e". Nan mutane suka fi tuntuɓe.

Layi ɗaya a rana ya isa, kada ka yi gaggawa. Ranar Lahadi ka karanta wa Fada, limamin cocin, ya gyara maka.