Yadda na raba kribensis da corydoras faɗa

Kifayena corydoras, ƙananan kifaye masu gashin baki irin na tarwaɗa, sun daina cin abinci, kullum suna takure a lungun tanki, fukafukansu a yayyage. Masu laifin su ne kribensis biyu, mace da namiji, ƙananan cichlid (kifaye dangin karfasa) na kogunan kudancin Najeriya da Kamaru. Da ma lafiya suke zaune, har macen ta saka ƙwai cikin ƙoƙon kwakwar da na kifa musu. Daga nan ƙasan tankin duka ya zama nasu. Su kuwa corydoras, 'yan Kudancin Amurka, ba su san iyaka ba: a kore su yanzu, su dawo anjima suna tonon yashi.

Na janye kwakwar zuwa ƙarshen tanki, bakinta na kallon gilashi, na gitta itace da ciyayi masu kauri a tsakiya yadda ba sa ganin juna. Wannan ne ya fi yin aiki. Abinci mai nutsewa kuma sai na kashe fitila nake zuba wa corydoras, can ɗaya gefen.

Tankina lita 120 ne. Da ƙarami ne, raba su kawai zan yi. Cichlid na Tafkin Malawi kuwa, kada ma a gwada haɗa su da corydoras: ga faɗa, ga ruwansu daban.