Darasi: Sauya ƙwan fitilar bayan mota

Fitilu uku ne a bayan mota suke yi wa direban da ke biye da kai magana. Ja maras ƙarfi, wato fitilar baya, tana nuna akwai mota a gaba. Ja mai ƙarfi tana nuna an taka birki. Mai ƙiftawa, wato sigina, tana nuna inda za ka karkata. Idan ƙwai ya ƙone, ka sani ba duk wanda ya shiga ramin da ake sa ƙwan ne ya dace ba.

Ciro tsohon ƙwan, ka goge gindinsa, ka kai shi wurin haske. Akwai rubutu a jiki, kuma a nan karatunka zai yi maka rana. Fara neman 12V ko 24V, wato ƙarfin wutar motar da aka yi ƙwan dominta. Ƙananan motoci 12V suke amfani da shi, yawancin manyan motocin kaya kuwa 24V. Ƙwan 24V a ƙaramar mota dishi-dishi zai riƙa yi, na 12V a babbar mota kuma nan take zai ƙone. Sai harafin W, wanda ke nuna yawan wutar da ƙwan ke ci. Birki da sigina galibi 21W ne, fitilar baya 5W.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsakanin P21W da P21/5W. A ido kamar tagwaye suke. Amma leƙa cikin gilashin: P21W siririyar waya ɗaya gare shi, da ɗigon dalma ɗaya a gindi. P21/5W wayoyi biyu ne da ɗigo biyu, domin aiki biyu yake yi, ƙaramar waya ta fitilar baya, babbar ta birki. Dubi 'yan kunnuwan da ke gefen gindinsa, za ka ga ɗaya ya fi ɗaya sama. Da gangan aka yi haka, don kada ya shiga a juye. Idan aka danna shi da ƙarfi a juye, fitilar baya za ta yi ta haske sosai, sannan a taka birki na baya bai ga wani bambanci ba. Da dare wannan ganganci ne da rai. Haka idan aka cusa mai waya ɗaya a ramin mai biyu, ɗigonsa na iya haɗe layukan biyu, sai ka taka birki ka ga fitilun gefe sun kama. A motocin Amurka irin waɗannan ƙwayaye 1156 da 1157 ake rubuta musu.

Na sigina kuma, idan murfin fitilar fari ne garau, ƙwan ne ke ba da launin ruwan lemo. Shi ne PY21W, kuma kunnuwansa ba sa kallon juna daidai, saboda haka ba ya zama a ramin P21W. Wasu motocin ƙwansu turawa kawai ake yi, ba a murɗawa: 7440 waya ɗaya, 7443 biyu, haka 3156 da 3157.

Ƙwan LED yana daɗewa, kuma wuta kaɗan yake ci. Wannan ƙarancin cin ne ke sa mota ta ɗauka ƙwan ya ƙone, sai sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri, ko alamar gargaɗi ta bayyana gaban direba. Mai gyaran wutar mota zai iya sauya rilen sigina, wato na'urar da ke sa ta ƙiftawa, ko ya ƙara razista, wato ɗan abin da ke ƙara cin wutar, amma razista na zafi ƙwarai, a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da roba da waya. In LED irin na turawa ya ƙi kamawa, juya shi tukuna kafin ka ce ya lalace. A bayan jan murfi, ja za ka sa.

Bayan ka sa sabo, kunna fitilu, ka sa wani ya taka birki kana tsaye a baya. Dole hasken ya ƙaru a fili, dama da hagu daidai.

Aikin yi: Samo tsohon ƙwai, ka kwafi rubutun jikinsa a littafinka. V nawa ne? W nawa? Ɗigo nawa ne a gindinsa?