Yadda nake fama da anonom a gonar koko

A unguwar Aboabo ta Kumasi nake zaune, amma gonar kokon da Baba ya bar mana tana wajen Ofinso. Kowace damina abin da ke hana ni barci shi ne ciwon koko da Asantawa ke kira anonom: tabo ya fito a jikin ɗan koko, kafin ka ankara ya baƙe ya ruɓe. Mugun irinsa, wanda masana ke kira megakarya, a Akomadan aka fara ganinsa a Gana a 1985. Nan bayan gidanmu ke nan.

Kafin ka taɓa injin feshi, ɗauki adda. Sassabe ciyawa, rage rassa iska ta ratsa, tsinke duk ɗan da ya kamu ka binne shi can nesa. Wanda ya tsallake wannan, kuɗinsa yake zubarwa.

Ina fara feshi a Mayu ko Yuni, duk bayan mako uku zuwa huɗu, har Oktoba. Magungunan feshi masu jan ƙarfe irin su Nordox da Kocide bayan ɗan suke tsarewa, Ridomil Gold kuwa yana ratsa ciki. Injin goyo lita 15 yake ci, ka bi ma'aunin da ke jikin ƙunshin, ka riƙa sauya magani kada cutar ta saba. 'Ya'yan ake jiƙawa, ba ganye ba. Na taɓa feshi hadari na haɗuwa, ruwa ya wanke min aikin yini guda.

Sabon abin da ake magana a kai shi ne wani ruwa mai kama da sabulu da wasu bakteriya ke fitarwa, irin ramnolifid na Pseudomonas da safaktin na Bacillus subtilis. Ƙwayoyin anonom iyo suke yi cikin ruwan da ya kwanta a jikin ɗan koko, a lokacin kuma ba su da ɓawo, sai 'yar fata siririya. Ramnolifid na fasa fatar nan. Yana kuma sa ruwan magani ya shimfiɗu maimakon ya dunƙule ya gangare. Ni dai mataimaki na ɗauke shi, bai maye gurbin maganin ba, don shi ma ruwan sama na tafiya da shi.

Kada wani ya ce bari ya zuba sabulun wanki, ba ɗaya ba ne. In kuma Bacillus mai rai ne a kwalbar, kada ka haɗa shi da jan ƙarfe a tanki ɗaya sai takardar ta yarda, yana iya kashe shi. Duk abin da za ka saya a kasuwar Kejetia, tambayi malamin gona ko hukumar koko ta Gana, COCOBOD, ta amince da shi a kan koko. Sannan ka gwada a bishiya goma, ka ɗaura musu jan ƙyalle, ka ƙirga ruɓaɓɓun kowane mako.