Yadda ake tara tsofaffin tangaran ɗin Japan masu fari da shuɗi

Abu na farko dai ki san me kike nema, su Japanawa sometsuke suke ce ma wannan tangaran, wato da shuɗin wani ma'adini mai suna kobal ake zana shi kafin a shafa masa ruwan ƙyalli a gasa, shi ya sa zanen baya gogewa duk yawan wanki. A garin Arita aka fara yinsa wajen 1616, ana fitar da shi ta tashar ruwan Imari, don haka in kika ji masu sayarwa suna cewa Imari yawanci kayan Arita ɗin ne.

To in faranti ya zo hannunki kar adon ya ɗauke miki hankali, kifa shi ki duba gindinsa tukuna. In an rubuta Nippon, wato Japan da yarensu, an yi shi tsakanin 1891 da 1921 ne, daga nan aka koma Japan ko Made in Japan, Occupied Japan kuma bayan yaƙin duniya na biyu ne zuwa 1952. Amma fa ana buga tambarin Nippon na jabu sosai, kuma tsofaffin gaske da yawa ba su da rubutu kwata-kwata, sai dai wasu 'yan ɗige-ɗige a tsakiyar gindin inda aka tokare farantin a cikin wuta, ni duk sanda na ga waɗannan wallahi sai gabana ya faɗi don murna.

Sai ki kai shi haske ki ƙura wa zanen ido. Na hannu za ki ga shuɗin ya yi kauri a nan ya yi sanyi a can, inda buroshi ya tsaya ya taru, na bugawa kuwa wanda ya yawaita zamanin Sarkin Japan Meiji, 1868 zuwa 1912, duk iri ɗaya ne, wani lokacin har ki ga inda zanen ya haɗu bai daidaita ba. Shima yana da kyau kuma ya fi araha, da shi nake so ki fara.

Ɗora shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa da farce, lafiyayye ƙara yake kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ki ji ƙwas.

Kar ki ga saiti guda biyar ki ce ɗaya ya ɓata, haka suke haɗawa biyar-biyar. In ta intanet za ki saya ki dage sai an turo miki hoton gindin farantin da na bakinsa. Wanki kuma da hannu, ruwan ɗumi da soso mai laushi, in za ki jera a kabad ki sa ƙyalle tsakanin kowane faranti.